Harbin zuma mai yawa

Yau zancenmu a kan harbin zuma ne.

Kun san zuma tana zama cikin amya ko kogon kuka. In aka taɓa gidanta sai ta fito da yawa. Wadda ta harbe ka tana barin ƙarinta cikin fata, tare da ƴar jakar dafi. Wurin yana fid da wani wari, warin nan ne ke kiran sauran. To, ka gudu, ka rufe fuska da riga, ka shiga ɗaki ka rufe. Kada ka faɗa cikin tabki, zuma za ta jira ka fito. In ka tsira, cire ƙarin maza da farce, don dafi yana ci gaba da shiga.

Jikin mutum yana da masu tsaro cikin jini. Su ke kawo kumburi da zafi a wurin harbi. Amma a jikin wasu, masu tsaron nan suna wuce gona da iri. Harbi 1 ma ya isa. Cikin ƴan mintoci sai borin jini ya fito, leɓe da harshe su kumbura, numfashi ya yi wuya, jiri ya kwashe mutum. Ku kwantar da shi, ku ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya ƙi, ya zauna, amma kada ya tashi tsaye. Maganinsa allura ce mai suna adirenalin, tana gidan likita. A ɗauke shi a mota ko amalanke nan take, ba lokacin neman jiƙo ba ne.

In harbi ya kai ɗaruruwa kuwa, dafin kansa ne ke ɓarna. Yana fasa ƙwayoyin jini, yana lalata tsoka. Dattin nan duka ƙoda ce za ta tace shi, sai ya fi ƙarfinta. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, mai ciwon yana iya tashi ya ci tuwo, a ce ya warke. Bayan kwana 1 ko 2 sai fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko ya ragu, ko ya ɗauke.

Saboda haka, wanda harbinsa ya kai 50 a kai shi asibiti ko da yana tafiya da ƙafarsa. Yaro da tsoho, ko bai kai haka ba a kai su. Can za a yi masa ƙarin ruwa, a auna jini da fitsari. Ku gaya wa likita lokacin da abin ya faru.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.