Yadda Ake Jin Ƙanƙara a Fiffiken Injin Iska



Ka san yadda mai sayen kankana ke ƙwanƙwasa ta kafin ya biya, ko yadda makanike ke kara kunne a jikin inji? To, wannan dabarar ce injiniyoyi suka hau da ita saman manyan fankokin da ke samar da wutar lantarki daga iska.

A ƙasashen sanyi irin su Kanada, Suwidin da Finlan, ƙanƙara kan daskare a fukafukan injin. Tana sauya siffarsu, sai wutar da ake samu ta ragu. Tana ƙara nauyi a gefe guda, injin ya riƙa jijjiga. Wani lokaci ma fiffiken ya yi jifa da guntun ƙanƙara, abin da ka iya raunata mutum.

To yaya za a gane tun daga ƙasa? Ana liƙa ƙananan na'urori a jikin fiffiken. Ɗaya ta aika sautin da ya haura kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, wanda kunnenka ba ya ji, ɗayar kuma ta karɓa. In akwai ƙanƙara, ƙarfin sautin da saurinsa sukan canja. Nan take kwamfuta ta kunna abin ɗumama fiffiken, ko ta tsayar da injin.

Za ka ce, mu ina ruwanmu da ƙanƙara? Gaskiya ne, wutarmu a Duwala galibi daga madatsun kogin Sanaga take zuwa, irin su Edéa da Song Loulou. Amma a Lambar Rimi ta jihar Katsina akwai fankoki 37 da aka kafa don ba da megawat 10. Can abokan gabar su ne ƙurar hunturu da tsatsagewar fiffike, kuma tsagewar ma da sauti ake iya gano ta tun tana ƙarama. Rigakafi dai ya fi magani.

Saboda haka, matashin da ke koyon gyaran inji, ka riƙe kunnenka da kyau, ka haɗa da ilimin lantarki da kwamfuta. Fanka in ta tsaya, mai gyara take jira, kuma gara a same shi a gida.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.