Dukanci a Cikin Mota: Jawabin Kwamitin Sana'o'i a Taron Shekara



Kafin mu shigo zauren nan mun ɗan zaga filin ajiye motoci, muka leƙa ta tagogi, a gafarce mu. Jikin motocin dai sumul, sai ƙyalli. Amma a ciki, gaban wata ya dare kamar ƙasar fadama da rani, an shimfiɗa masa tsohuwar darduma don a rufa asiri. Wata kuma bangon ƙofarta ya saki, an tallabe shi da salatif. Wannan aikin rana ne. Galibin motocinmu 'yan Kwatano ne, sun ƙare ƙuruciyarsu a ƙasashen sanyi, sannan muka kawo su inda robar dashbod take yini tana gasuwa a ƙarƙashin gilashi. A wannan ɓarnar ce muka hango wa 'ya'yanmu abinci.

Duk wanda ya tashi a gida ya san Unguwar Dukawa, ya san warin majema da ke tarye mutum tun daga nesa. A da, gafaka da kube da tumtum da adon sirdi duk daga nan suke fita. Yau dattawa ne suka rage a rumfunan, samarin suna birni, wasu kan acaɓa, wasu a bakin tasha. Ba raina sana'ar suka yi ba. Mai sayen sirdi ne ya koma mai sayen mota, mu kuwa ba mu bi shi da basilla ba.

Asalin abin ba ƙarami ba ne. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar Maroko, suka laƙaba mata sunan waccan ƙasa. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda ake fitar da takalma da jemammun fatu daga birnin zuwa nesa. Har gobe masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna tura fatun awaki da tumaki zuwa Italiya da Sifen. Sai dai a nan za mu faɗi abin da ba zai yi wa wasunmu daɗi ba: fatar da muke alfahari da ita ba ita ake rufe gaban mota da ita ba.

Dalili na farko girma ne. Fatar akuya ba ta cika wuce murabba'in ƙafa 5 ko 6 ba, ta sa kuwa tana kai 45 zuwa 50. Dashbod yana son yanki mai faɗi wanda ba haɗi barkatai. Na biyu shi ne irin jimar. Jimarmu ta bagaruwa tana ba da fata mai kyau da ƙamshi, amma ba ta jure gashin rana a bayan gilashi, inda zafi kan haura digiri 70. Sai ta bushe, ta tsuke, ta janye daga gefe, jan karan dafi kuma ya dusashe. Mafi yawan fatar mota ta sa ce, an jeme ta da sinadarin kurom, an fefe ta zuwa kaurin milimita ɗaya da ɗan wani abu, an shafe fuskarta da abin da ke kare ta daga rana. Ita ma idan ba a busar da ita yadda ya kamata ba kafin aiki, takan tsuke.

Na uku kuwa laifinmu ne. Kamfanin Rolls-Royce yana zaɓen fatun bijimai daga wurare masu sanyi, inda cizon ƙwari bai yi yawa ba kuma ba waya mai ƙaya. Namu shanun kaska ta huda su, ƙaya ta karce su, an yi musu tambarin wuta a tsakiyar jiki, mahauci ya zo ya ƙarasa da wuƙa wajen fiɗa. Abin da ya tsira kuma mu babbake shi mu ci a matsayin ganda. Ba mu ce a daina ci ba, domin mu ma da hannunmu a kwanon.

Saboda haka a farko fatar manyan wurare saye za a yi. Tamu ta akuya tana da gurbinta a inda rana ba ta duka kai tsaye: tsakiyar bangon ƙofa, rigar sandar giya, madogarin hannu, matashin kai. Abin da muke da shi wanda kuɗi ba ya saye da sauri shi ne hannu. Yaron da ya tashi yana ganin ubansa yana fefe bakin fata har ya zama kamar takarda ya riga ya ci rabin karatun.

Sauran rabin shi ne sanin mota. A cire kan batir, a kwance dashbod ɗin gaba ɗaya, a cike tsagar, a goge da sanfefa, a wanke maiƙon da aka yi shekaru ana shafa masa, domin gam ba ya kama maiƙo. A fitar da samfuri da takarda, a yanka fata ana lura da cewa gefen ciki ya fi gadon baya miƙewa. A ɗinka, a shafa gam mai jure zafi a ɓangarorin biyu, a jira ya sha iska, sannan a fara ɗorawa daga layin ɗinki ana ja zuwa waje, a naɗe baki ta baya. Gam ɗin takalmi yakan yaudari mutum: aiki ya fito tsaf da hunturu, watan Afrilu na kamawa ya kumbura. Launi ma ba na son rai ba ne. Fara ko mai sheƙi a saman dashbod tana haskawa a gilashi ta kashe wa direba ido, don haka baƙa ko mai duhu marar ƙyalli ake sawa.

Akwai wurin da kuskure ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 ba ta da jakar iska, ko me ka lulluɓa mata ba komai. Amma a Amurka tun daga motocin 1998 doka ta wajabta jakar iska ga direba da na gefensa. Ta fasinja tana kwance a cikin dashbod, an raunana robar da ke kanta da gangan don ta yage cikin ƙiftawar ido. Wanda ya manne wurin da fata mai ƙarfi ya toshe ƙofar. Ranar haɗari jakar ta makara, ko ta fito a karkace, ko ta taho da murfin zuwa fuskar wanda ke zaune, wanda sau da yawa uwargida ce ko ɗa. Haka kujerun da ke da jakar a gefe, ɗinkinsu na musamman ne. Ƙa'idar da za mu ɗora yaranmu a kai ita ce: duk inda aka rubuta SRS ko AIRBAG, a kewaye shi, ko da mai mota ya yi fushi ya tafi wani wuri.

Ga abin da muke roƙo. Ƙungiya ta ɗauki nauyin samari shida daga gidajen dukawa su yi shekara guda a hannun masu gyaran kujerun mota a Kano ko Kaduna, 'yan'uwa mazauna can su ba su masauki, kamar yadda aka ba da yawanmu lokacin da muka zo birni da jaka ɗaya. Biyu daga ciki a nema musu gurbi a Cibiyar Fasahar Fata da ke Samaru, Zariya, su koyi jimar zamani. A sayi keken ɗinkin fata guda biyu, na masana'anta, domin keken tela ba ya jan wannan kauri. Kuma a samu waɗanda za su ba da motocinsu a koya a kai. Mun san wannan ne mai wuya, ba mai son a yi gwaji da abin hawansa. Mu 'yan kwamiti mun sa tamu a gaba, za a fara da bangon ƙofa kafin a taɓa dashbod. Takardar rubuta suna tana hannun sakatare, za a zaga da ita bayan sallar La'asar.