Inshorar Lafiya: Ina Rabon Tsofaffinmu?



Tun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya. Akwai tsarin ɗalibai, watau TISHIP, amma ran da karatu ya ƙare, shi ma ya ƙare. Tsarin ma'aikacin gwamnatin tarayya kuwa ya ɗauke shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. To, ina mahaifiyarsa mai hawan jini? Sai an yi mata rajista dabam. Saboda haka kafin ku biya, ku tambaya: wane asibiti, waɗanne magunguna, har da tiyata? Tun ran gini, tun ran zane.