Bindiga da Doka

Jama'ar Watari, yau za mu yi magana a kan bindigar toka, irin wadda maƙera kan haɗa.

Waɗansu sukan ce, "Ai ban sayi bindiga ba. Bututu na samo, da kunama, da itacen gindi, na haɗa abina." To, mu saurara. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙera bindiga, ta hana harhaɗa ta, har gyaranta ma ta hana, sai da izni. Wanda aka kama, ɗaurinsa ba ya kasa shekara 10. Maƙerin da ke son wannan sana'a sai ya sami takarda daga shugaban 'yan sandan Nijeriya, da yardar Gwamna.

Ba kowa ake ba lasin riƙe bindiga ba. Ba a ba yaron da bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi.

Ban da doka, akwai hatsari. Bututun ruwa ba don wuta aka yi shi ba. In albarushi ya tashi, yakan fashe, ya cire yatsu ko ido. Ga shi kuwa ƙasarmu gida na ganin gida, gona na haɗe da gona. Harsashi bai san zomo da ɗan maƙwabci ba.

Mai tambaya ya je ofishin 'yan sanda tun bai taɓa ƙarfe ba. Yanzu mun iya karatu, kada mu sa hannu a takardar da ba mu karanta ba. Rigakafi ya fi magani.