Daga Ramin Kwal Zuwa Tashar Funtuwa



An nemi in yi magana a kan mutanen da suka ƙago jirgin ƙasa. Ni mutumin Danja ne, inda dogo bai bi ba, amma kakanninmu sun san shi sarai, domin audugar da suka noma a Funtuwa take shiga tarago.

A makaranta an koya mana cewa George Stephenson ne uban jirgin ƙasa. Wannan magana tana bukatar gyara. Wanda ya fara ɗora injin tururi a kan dogo shi ne Richard Trevithick, injiniyan ma'adinai. Ran 21 ga Fabrairu 1804, a Penydarren ta ƙasar Wales, injinsa ya ja tan 10 na ƙarfe da mutum kamar 70, tafiyar mil 9 da ɗoriya cikin awa huɗu. Dabararsa ita ce matse tururi a tukunya har ya yi ƙarfi ƙwarai, abin da James Watt ya guje wa don tsoron fashewa. Injin ya yi aikinsa, sai dai dogon zubin ƙarfe ne mai gautsi, ya riƙa karyewa saboda nauyi. Trevithick ya mutu a 1833 ba shi da ko anini.

Bayansa aka yi ta gardama ko ƙafa mai santsi za ta kama dogo mai santsi. A 1812 John Blenkinsop da Matthew Murray suka yi wa nasu dogon haƙora, suna jan kwal zuwa Leeds. William Hedley kuwa ya gwada ya nuna nauyin injin kaɗai ya isa ya hana shi zamewa. Stephenson, wanda sai da ya shekara 18 ya koyi karatu, ya tarar da duk wannan a ƙasa. Gwanintarsa ita ce ya gane inji da dogo tare ake gyara su. Ya buɗe layin Stockton zuwa Darlington a 1825, sannan a 1829 injin nan Rocket, wanda ɗansa Robert ya ƙera, ya ci gasar Rainhill.

To, ga inda zancen ya shafe mu. Layin da aka yi wa wannan gasa, wato Libaful zuwa Manchesta, wanda aka buɗe a 1830, babban dalilinsa shi ne kai auduga daga bakin teku zuwa masaƙu. Buƙatar masaƙun nan ce kuma ta sa Turawa suka zuba wa ƙasar Hausa ido. Gwamna Girouard, shi ma injiniyan reluwe ne, ya soma layin Baro zuwa Kano, dogo ya isa Kano a 1911. An sa rai da auduga, manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. A nan kudancin Katsina ne audugar ta zauna, kamfanin Bisije ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, reshen dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Kauran Namoda a 1929.

Ku dubi taswira, 'yan'uwa. Layin nan an shimfiɗa shi ne don fitar da kaya zuwa teku, ba a tambayi manomi inda yake so ya kai amfaninsa ba. Ku da za ku zauna a ofisoshin tsare-tsare, wannan tambaya tana jiranku. Dogo na zamani da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, ma'aunin Stephenson ke nan, alhali na Funtuwa ƙafa 3 da inci 6 ne, taragon wannan ba ya hawa wancan. Tumatirin Danja kuwa a kwanduna yake tafiya Kudu bisa manyan motoci, wani ya isa, wani ya ruɓe a hanya.