Taswirar Yatsu A Cikin Ƙwaƙwalwa: Jawabin Taron Shekara



Da sakatare ya ce in yi magana a kan aikina, sai na tuna ranar da malamin bayoloji ya zana mana ƙwaƙwalwa a allo, muka yi ta dariya wai kamar hanjin rago. To, malam, yau ga ɗalibinka yana cin abinci da wannan hanjin.

Kowa ya ɗaga hannun dama. Yatsun nan biyar kowanne yana da gurbinsa a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, a jere, babban yatsa daga ƙasa, ƙarami daga sama. Wani likitan tiyata a Montreal ta Kanada, Wilder Penfield, ya buga irin wannan taswira a 1937. Yakan taɓa ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da 'yar wutar lantarki suna farke, su faɗa masa inda suka ji. Daga farkon shekarun 1990 injin MRI ya sauƙaƙa abin. Ba yanka: a sosa yatsa, jini ya ƙaru a gurbinsa, injin ya nuna.

Amma fa tsakanin gurbin wannan yatsa da na kusa da shi 'yan milimita ne kawai, kuma suna shiga juna. Mutum ya ɗan motsa kai, taswira ta goce. Ga injuna daban-daban, wani ƙarfin maganaɗisunsa Tesla 1.5, wani 3, wani 7. Shi ya sa a Amurka aka taɓa ɗaukar mutum biyar aka zagaya da su cibiyoyi goma, ana ba su aiki iri ɗaya. Kawunan ba su canza ba, amma ƙarfin abin da injunan suka nuna ya bambanta. Abin da ya fi damuna ma shi ne mu masu lissafin. A 2020 an buga sakamakon wani gwaji inda aka ba ƙungiyoyin masana 70 hotuna iri ɗaya, suka dawo da amsoshi masu saɓa wa juna.

Kada ku ce wannan gardamar malamai ce. An taɓa kawo mana wani tela mai ƙari kusa da gurbin hannu, ɗauke da hotuna daga asibitoci biyu. Jerin yatsun ɗaya ne a duka biyun, amma iyakar gurbin babban yatsa ba ta dace ba, kuma daidai nan wuƙa za ta bi. Na gaya wa likitan tiyata gaskiya, cewa ba zan rantse da ko ɗaya ba. Sai ya koma dabarar Penfield, aka farkar da mutumin ana cikin aiki, ana taɓawa yana motsa yatsu. Bayan wata huɗu ya aiko mini da wannan rigar da ke jikina.