Turanci da Sinanci a Makarantar Renon Yara: Ina Matsayin Yaron Shinaka?

Takardar da aka gabatar a Shinaka, a gaban taron malaman makaranta da iyayen yara na ƙasashen Goronyo, Wurno da Rabah

Muƙaddima

     

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ita ce wani tsari da ya yaɗu a manyan biranen duniya, inda ake tara yara 'yan shekara uku zuwa biyar a makarantar reno, a riƙa yi musu magana da wasa da waƙa cikin harsuna biyu, wato Turanci da Sinancin da ake kira Mandarin, sau da yawa kowane harshe da malamarsa. Tun da yake labarin wannan tsari ya iso mana ta wayoyin hannu da bakin fatakenmu, har wasu iyaye sun fara tambaya ko 'ya'yanmu ba za a bar su a baya ba, ya zama wajibi mu zauna mu auna shi da ma'aunin hankali, domin kada mu ƙi alheri saboda jahilci, kada kuma mu ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyan ƙananan yara saboda kwaikwayo.

Dalilin shigowar Sinanci cikin zance

Ba banza ba mutane ke sha'awar harshen Sin. Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ƙasar Sin a 1971, alhali tun 1963 gidan rediyon Sin yake watsa shiri da Hausa, kuma a birnin Beijin akwai jami'ar da ke koyar da Hausa ga 'ya'yan Sinawa. Wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano ya san daga inda mafi yawan atamfa da shadda suke fitowa, ya kuma san cewa akwai 'yan kasuwarmu da suka saba da hanyar Guanzu kamar yadda kakanninsu suka saba da hanyar Gwanja. Jirgin ƙasan da ke tsakanin Abuja da Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, kamfanin Sinawa ne ya shimfiɗa hanyarsa. A fagen ilmi kuwa, akwai cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka, kuma a 2025 an sa Sinanci cikin harsunan waje waɗanda ɗalibin babbar sakandare yake iya zaɓa. Saboda haka fa'idar harshen tabbatacciya ce, babu mai jayayya da ita. Abin da ake saɓani a kansa shi ne lokaci da tertibi.

Misalin Singafo da kuskuren kiyasi

Ƙasar da aka fi kafa hujja da ita ita ce Singafo, wadda tun 1966 ta wajabta wa kowane ɗalibi harsuna biyu. Amma wanda ya yi nazari da natsuwa zai tarar cewa harsunan nan biyu su ne Turanci da harshen al'ummar da yaron ya fito daga cikinta: ɗan Sinawa ya karanta Mandarin, ɗan Malayawa ya karanta harshen Malay, ɗan Tamilawa ya karanta Tamil. Ashe ke nan Sinancin da ake koya wa yaro a can yana zaune ne a mazaunin da Hausa take zaune a wurinmu, kuma wanda ya ce mu ɗauko Turanci da Sinanci mu kawo Shinaka domin mu yi koyi da Singafo, ya yi kiyasin da malaman usulu suke kira kiyasi tare da bambanci, wanda ba a gina hukunci a kansa. In koyi za mu yi da su bisa gaskiya, Turanci da Hausa za mu haɗa.

Akwai kuma wata izina a cikin labarinsu. A 1979 Firayim Minista Lee Kuan Yew ya ƙaddamar da gangamin yin magana da Mandarin, domin Sinawan ƙasar, waɗanda a gidajensu suke magana da Hokkien da Teochew da harshen Kanton, su haɗu a kan lugga guda. Gangamin ya ci nasara, sai dai ya bar gidaje da yawa inda jika da kaka ba sa fahimtar juna sai da ƙyar. Daga baya kuma Turanci ya rinjayi Mandarin ɗin kansa, har ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 48 cikin ɗari na mutanen ƙasar Turanci suka fi yi a gida. Idan ƙasa mai wadata da ƙwararrun malamai ta biya irin wannan farashi, lalle mu ya kamata mu yi taka-tsantsan ninki biyu.

Yaron Shinaka da harsunansa

Sau da yawa mukan manta cewa yaronmu bai taɓa zama mai harshe guda ba. Ku dubi ɗan shekara biyar a garin nan. Ya tashi da Hausa a bakin uwarsa, in kuwa gidansu na Fulani ne, da Fulatanci a ciki da Hausa a waje. Da hantsi ko da la'asar ya rungumi allonsa ya tafi zauren malam, ya zauna cikin sa'o'insa, malam ya ɗora masa yatsa a kan babbaƙu yana kiran sunan kowane harafi da Hausa, "alu, ambaki, wau, zal," har ran da zai shiga farfaru ya fara haɗa baƙi da wasali. Ku lura da hikimar magabata a nan: Larabci suke nufin kai shi gare shi, amma ba su jefa shi cikinsa tsundum ba, sai suka laƙaba wa haruffan sunayen Hausa waɗanda ke siffanta kamanninsu, domin yaro ya taka abin da ya sani ya hau zuwa abin da bai sani ba. Bayan wannan kuma sai a kai shi rabin aji a makarantar boko, inda Turanci yake jiransa. Harsuna uku ke nan, ko huɗu, a kan yaron da bai fara famfara ba.

Na taɓa shiga wani rabin aji a wata makaranta da ba sai na ambaci sunanta ba, na tarar da yara fiye da yadda tabarmin ɗakin za su ɗauka, malama guda tana tsaye tana rera haruffan Turanci suna amsawa da ƙarfi, har sai ka ce sun ƙware. Da na kira wata yarinya na tambaye ta da Hausa mene ne wannan abin da take cewa harafin farko yana tafiya da shi, sai ta sunkuyar da kai, domin tuffa ce, ita kuwa ba ta taɓa ganin tuffa ba. Na sake tambayarta abin da babanta yake nomawa a fadama, nan take bakinta ya buɗe, ta lissafa mini albasa da tafarnuwa da shinkafa, ta gaya mini lokacin da ake dashe, ta ƙirga mini awakin gidansu ba kuskure. Wannan yarinya ba daƙiƙiya ba ce. An rufe mata ƙofar da take da mabuɗinta ne, aka tsayar da ita a bakin wadda ba ta da shi. To, wanda ya ga haka da idonsa, yaya zai ce maganin ciwon shi ne a ƙaro mata harshe na huɗu?

Abin da tarihi da gwaji suka nuna

Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga ilmi mai harsuna da yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi talifi da Larabci domin malamai, ya yi wa'azi da waƙa da Fulatanci da Hausa domin jama'a. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da harsunan nan uku, ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa, ta kuma aika malamai mata da ake kira jaji cikin ƙauyuka suna karantar da mata da harshen da suke ji. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda hubbarensa yake nan Wurno, a cikin wannan tsari ya tashi. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, da allo ya fara kafin ya je makarantar Sakkwato da Kwalejin Katsina.

A zamanin boko ma an gwada. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Jami'ar Ife, inda aka karantar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka ba shi matsayin darasi a hannun malamin da ya iya shi. Sakamakon da aka bayyana shi ne yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun fi su fahimtar sauran darussa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa a yi renon yara da harshen uwa ko na jama'ar da ke kewaye da su. A 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa wannan zuwa ƙarshen firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke shi da komawa ga Turanci. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan kai-da-komo, malamin da ke tsaye gaban ɗan shekara huɗu a Shinaka ya san cewa in bai yi masa bayani da Hausa ba, da bango yake magana.

Sinanci yana da lokacinsa

Kada a fahimce ni cewa ina ƙyamar harshen Sin. Alƙur'ani ya ƙirga saɓanin harsunan mutane cikin ayoyin Allah, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin bukatar wasiƙu, ya kuwa koya cikin kwanaki kaɗan. Abin lura shi ne Zaidu a lokacin saurayi ne wanda ya riga ya haddace surori masu yawa, hankalinsa ya horu, bukata kuma ta bayyana. Wannan shi ne tertibin da nake kira zuwa gare shi.

Har ma ina iya cewa Bahaushe yana da wani rabo a Sinanci wanda Bature ba shi da shi. Mandarin harshe ne mai karin sauti huɗu, inda gaɓa guda, "ma," takan zama uwa ko doki ko zagi gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke ta. Mu kuwa da wannan muka tashi, tun da kunnen yaronmu yana rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya, yana rarrabe baba mahaifi da baba na rini, ba tare da an koya masa ƙa'ida ba. Wahalar Sinanci tana wajen rubutu ne, domin mai son karanta jarida yana bukatar alamomi wajen dubu uku, ga shi Larabci haruffa 28 ne kacal; wannan kuwa aiki ne na wanda ya riga ya san mene ne karatu. Saboda haka wanda ya kyautata Hausar ɗansa a yau, bai toshe masa hanyar Sinanci ba, share masa ita ya yi.

Shawarwari da hatima

Bisa ga abin da ya gabata, ina gabatar wa wannan taro mai albarka shawarwari huɗu. Na farko, a rabin aji a yi hira da ƙirga da tatsuniya da Hausa, a fara nuna wa yaro baƙi da wasali da kalmomin da ya sani, irin su jaki da kifi da gero. Na biyu, a shigo da Turanci ta baka, kaɗan-kaɗan, ta hanyar gaisuwa da wasa, a hannun malamin da ya fi kowa iya furta shi a makarantar, maimakon a bar ƙananan yara ga wanda aka rasa ajin da za a ba shi. Na uku, malaman allo da na boko su daidaita lokutansu, su san juna, domin yaro guda suke reno. Na huɗu, masu hali daga cikin 'yan kasuwarmu su ɗauki nauyin samari da 'yan mata masu hazaƙa da suka gama sakandare su je su koyi Sinanci a inda ake koyar da shi, domin su dawo su zama tafintocinmu da malaman 'ya'yanmu.

Ya ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da gaggawa karya shi yake yi. Ku yi wa 'ya'yanku magana, ku ba su labari da dare, ku tambaye su abin da suka karanto da harshen da za su iya amsa muku. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilmi mai amfani.